Shirin Rabi da Rabi Ba Ya Kai Ɗalibi Sashen Kasuwanci

Da yawa daga cikin ɗaliban da suke fitowa daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, idan aka tambaye su abin da za su karanta bayan sakandare, sai su ce kasuwanci ko aikin akanta. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin kuwa yaron da ya tashi yana ganin cinikin shanu a kasuwar Sheme, ko lodin masara a Dandume, ya san amfanin saye da sayarwa tun yana ƙarami. Sai dai wannan sani shi ne yake yaudarar wasu. Sukan ɗauka cewa tun da sun gaji ciniki, jarrabawar shiga sashen kasuwanci ba za ta ba su wuya ba. Saboda haka sai su yanki fam, su ajiye littafi, su jira ranar jarrabawa.

Ya kamata mu fara sanin yadda jarrabawar take. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce take shirya ta. A 2010 aka haɗa jarrabawar shiga jami'a da kwalejin fasaha da kwalejin ilmi ta zama ɗaya, kuma tun 2015 da kwamfuta ake yin ta baki ɗaya. Ke nan ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya mutum yake so, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ƙofar ɗaya ce. Mai neman sashen kasuwanci yakan ɗauki Turanci da Lissafi da Tsimi da Tanadi, sa'an nan ya ƙara darasi ɗaya daga cikin waɗanda makarantar da ya zaɓa ta amince da su. Kowane darasi maki 100 ne, wato jimla 400.

Tambayoyin guda 180 ne, lokaci kuwa awa 2. Idan aka raba, kowace tambaya tana da daƙiƙa 40 kacal. A nan ne mai shirin ganin dama yake fara faɗuwa, domin ba shi da lokacin zama ya tuno abin da bai maimaita ba.

Wuri na biyu shi ne Lissafi, darasin da aka fi gudu. Ga misali. An sayar da buhun masara Naira 46,000, aka ci ribar kashi 15 cikin 100. Nawa aka saye shi? Wanda bai saba ba zai cire kashi 15 daga 46,000, ya sami 39,100. Amsar kuwa 40,000 ce, domin a kan kuɗin saye ake ƙirga riba. Masu tsara tambayoyi sun san irin wannan kuskure, kuma sukan jera shi cikin amsoshi huɗu da suke bayarwa. Wanda ya dogara da canki-canka a Lissafi, abin da zai sa rai da shi bai wuce maki 25 ba. Kafin ya kai 200, tilas ya samo 175 daga sauran darussa uku. A 2024, kimanin kashi 76 cikin 100 na waɗanda suka zauna jarrabawar ba su kai maki 200 ba.

Gaskiya ne ɗaliban yankinmu sun sha wahalar da ba su suka jawo ta ba. Bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba 2020 an rufe makarantu, a 2021 kuma an katse layukan waya na wasu watanni. Amma kwamfutar da take duba amsa ba ta san daga garin da mutum ya fito ba. Wanda aka rage wa kwanakin aji, shi ya fi kowa bukatar ya riƙe sauran kwanakin da kyau. Kuma sakamakon shekara ɗaya yake aiki. Wanda ya faɗi ya yi asarar kuɗin fam da na mota da iyayensa suka sayar da hatsi suka ba shi, ya kuma yi asarar shekara guda.

To, mene ne abin yi? Ɗalibi ya nemi manhajar JAMB tun farkon aji shida, ya ware awa ɗaya kullum domin Lissafi. Ya riƙa amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabansa. Ya shiga jarrabawar gwaji da hukumar take shiryawa, domin hannunsa ya saba da kwamfuta. Kada kuma ya manta cewa sai da kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, jami'a za ta karɓe shi.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya yi niyyar shiga wannan jarrabawa, ya shige ta da zuciya ɗaya. Allah ya ba mu sa'a, amin.