An Soke Jirgi, Ina Makomar Kuɗin Tikiti?

Wani ɗan kasuwa mai sauraronmu daga Dawanau yana tambaya, wai in ya yanki tikitin Legas aka soke jirgin, kuɗinsa sun bi ruwa ke nan?

To malam, a'a. Muddin kamfanin ne ya soke, dokar 2023 ta hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya ta ba ka zaɓi: ko a sa ka a wani jirgin, ko a mayar maka da kuɗinka. In tsaba ka biya, nan take. In ta banki ne, cikin kwana 14. Ko hazon hunturu ne ya hana tashi, kuɗin tikiti dai naka ne.

Wani kamfanin zai ce ya ajiye maka kuɗin sai wata tafiyar. Ba tilas ka yarda ba, kuma irin wannan ajiya galibi tana da wa'adi. In ta hannun ejan ka saya, ta hannunsa kuɗin kan dawo. Amma fa in kai ka fasa, sai abin da sharaɗin tikitin ya ce, kuma akan zaftare wani abu.

Ka adana rasit. In suka yi ta ja maka rai, kai ƙara wurin jami'an NCAA a filin jirgin Malam Aminu Kano.