Wayar famfon mai: gyaran gefen hanya da ke cinye tsohuwar mota

Tit ƙauye ne da ke kimanin kilomita 40 arewa da Tamanrasset, a gefen babbar hanya mai lamba 1 wadda ta ratsa Sahara daga Aljiyas zuwa In Guezzam a iyakar Nijar. Motar da ta wuce Tit ta nufi In Salah tana da tafiyar sama da kilomita 600 a gabanta, kuma garejin kirki ba ya yawa a tsakani. Idan mota ta mutu a irin wannan wuri, direba ba ya tunanin komai sai yadda za ta tashi. In famfon mai ne ya yi shiru, akwai dabarar da kusan kowane yaron mota ya sani: a jawo waya kai tsaye daga batir zuwa famfon. Mota takan tashi nan take, a isa gari, a manta da wayar. Daga nan haɗarin yake farawa.

Tsofaffin motoci sun yi yawa a kudancin Aljeriya, kuma da dalili. A 2005 gwamnati ta hana shigo da motocin hannu, daga 2016 ta ƙayyade shigo da sababbi, sai a 2023 aka sake buɗe ƙofa ga waɗanda ba su kai shekara uku ba. Mai mota sai ya riƙe abin da yake da shi, ya yi ta faci. Ƙarfe yana jure wannan, amma robar da ta lulluɓe waya ba ta jurewa. Zafi yana busar da ita har ta tsattsage, gargadar hanya tana goga ta a jikin ƙarfe, ƙura kuma tana shiga kowane soket.

Famfon mai iri biyu ne. Motoci masu kafireta, irin tsohuwar Peugeot 504, famfonsu a jikin inji yake, injin ne ke motsa shi, ba ruwansa da waya. Inji ya tsaya, famfo ya tsaya. Motoci masu injekta kuwa famfonsu na lantarki ne, galibi a nitse cikin tanki, yana tura fetur da ƙarfin kusan bar 3, sama da lita ɗaya a kowane minti.

Mutane kan yi mamakin yadda ake saka abu mai lantarki cikin fetur bai tashi ba. Amsar ita ce tururin fetur ba ya kamawa sai ya gauraya da iska daidai gwargwado, tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin ɗari. A cikin tanki tururin ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Wurin tsoro shi ne saman tanki, inda soket ɗin famfo yake, kusa da tiyon mai, a sarari cikin iska.

Idan haƙoran soket suka saki ko suka yi tsatsa, wuta takan wuce ta ƙaramin wuri da ƙyar, wurin ya yi zafi. Zafin ya ƙara sakin haƙoran, su ƙara zafi, har robar ta narke. In ta narke a kan murfin famfo, sai fetur ya sami hanyar tsatsowa daidai inda tartsatsi yake. Ba motar talaka kaɗai wannan ke samu ba. A 2016 kamfanin BMW ya janye motoci sama da 130,000 a Amurka domin gyara, saboda wayoyin famfon cikin tanki da ba a matse da kyau ba suna iya narkar da soket, mai ya zuba. Idan haka ta faru da motar da ta fito daga masana'anta, ina ga wadda aka murɗa wayarta da hannu aka naɗe da salatif a gefen hanyar Tit?

Abu biyu ne ke tsaron wannan layin: fis, wanda makanikan Nijar da Aljeriya ke kira fizibil, da kuma rele. Aikin fis shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone. Idan waya ta goge ta taɓa jikin mota, wuta mai yawa ta kwararo, fis ya tsinke, magana ta ƙare. Wanda ya sa fis na amfiya 30 a gurbin na 15, ko ya cusa silin waya ko takardar sigari mai ƙyalli, ya mayar da wayar kanta ta zama fis, kuma ita tana bi ta ƙarƙashin kujera da kafet. Fis da ke yawan ƙonewa yana ba da labari ne: ko waya ta goge a wani wuri, ko famfo ya gaji yana jan wuta fiye da kima, sau da yawa saboda matatar mai ta toshe da ƙura. Sai dai akwai abin da fis ba ya gani. Soket da ya saki yana zafi ba tare da wutar ta ƙaru ba, don haka yana iya narkewa ƙurmus fis yana nan lafiya lau.

Rele kuwa shi ne ke sa famfo ya yi ƙara na daƙiƙa biyu ko uku idan an murɗa makulli, sannan ya tsaya har sai inji ya tashi. In inji ya mutu, shi ke yanke wa famfo wuta. Wasu motocin Peugeot, Fiat da Ford suna da ƙarin maɓalli da ke yanke mai idan mota ta yi karo. Wayar da aka jawo kai tsaye daga batir tana tsallake duk waɗannan. Tiyo ya fashe ko mota ta kife, famfo zai ci gaba da feso fetur a kan salansa mai zafi har batir ya mutu ko tanki ya ƙare.

Mutanen wannan yanki sun san abin da fetur ke yi idan ya kama a hanya. Da asubahin 19 ga Yuli 2023, a Outoul, tsakanin Tamanrasset da Tit, motar fasinja ta yi karo da wata akori-kura, wuta ta tashi, mutum 34 suka rasu, 12 suka ji rauni. Jandarma sun ce akori-kurar tana ɗauke da jarkokin fetur. Karo ne sanadin wannan, ba waya ba, amma nisan gidajen mai yana sa direbobi da yawa ɗaukar jarka ko ƙara tanki na biyu, kuma tanki na biyu yakan zo da famfo na biyu da aka haɗa a gareji ba fis. Masu motar gazuwal suna da ɗan sauƙi, domin gazuwal ba ya ba da tururi mai kamawa sai ya wuce digiri 50, alhali fetur yana bayarwa ko cikin sanyin hunturun Hoggar. Amma waya mai ci da wuta ba ta tambayar irin man da ke tanki.

Lalacewar takan yi sallama kafin ta shigo. Warin fetur a kujerar baya, musamman bayan an cika tanki. Warin roba mai ƙonewa. Mota ta mutu in ta yi zafi, ta tashi bayan ta huce, ko ta tashi idan an bubbuga tanki. Famfo yana kuka fiye da da, ko yana ci gaba da aiki bayan an zare makulli. A motoci da yawa, ɗaga kujerar baya ya isa a ga soket ɗin. Idan robarsa ta yi baƙi ko ta lanƙwashe, a canza shi gaba ɗaya tare da guntun wayarsa. Sabon famfo a kan tsohon soket asarar kuɗi ce.

Kafin a fara aikin a cire kan batir na nagatif, a yi shi a fili, ba sigari, ba murhun shayi a kusa. Waya ta zama mai kaurin ta asali, a matse mahaɗin da abin matsewa, a ɗaure ta nesa da salansa, duk inda ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Rele da fis na ajiya ba su kai girman akwatin ashana biyu ba, kuma su ne ke raba direba da jan waya a jeji. In dole ta sa aka ja, a sa fis a kanta dab da batir, a cire ta duk lokacin da aka tsaya, a kuma kwance ta a gareji na farko.

Idan hayaƙi ya riga ya fito, a kashe makulli, a fitar da kowa nesa, ta ɓangaren da iska ke fitowa. Kada a wangale bonet, domin iska ce wutar ke jira. A ɗaga shi kaɗan a fesa hodar tukunyar kashe gobara ta kafar. Ruwa yana watsa fetur mai ci, yashi yana danne shi. Lambar 'yan kwana-kwana a Aljeriya 14 ce, a Nijar 18, amma daga Tamanrasset zuwa Tit tafiyar kusan rabin awa ce, don haka tukunyar ta zauna inda hannun direba zai kai, ba a ƙarƙashin kaya ba.