Gishirin da ba a gani a tukunya: Yadda dunƙule, kanwa da yaji ke haddasa hawan jini

Da zarar likita ya ce wa mai hawan jini ya rage gishiri, abin da akan yi a gida shi ne a rage wanda ake barbaɗawa a miya. Don kada miyar ta yi lami kuma, sai uwargida ta ƙara dunƙule biyu ko uku, kowa ya ci hankalinsa kwance, alhali gishirin yana nan a tukunyar, sunansa kawai ya sauya.

Abin da ke tayar da jini a cikin gishiri shi ne sinadarin sodiyam. Jiki na bukatar kaɗan daga cikinsa domin aikin jijiyoyi da tsoka. Idan ya yi yawa, sai ya riƙe ruwa a cikin jini, jinin ya ƙaru, ya riƙa matsa wa hanyoyinsa lamba. A hankali hanyoyin su yi tauri, zuciya ta wahala wajen harba jini, ƙoda ta gaji da tacewa. Ƙarshen lamarin kan zama shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya ko lalacewar ƙoda. Bincike ya kuma danganta yawan cin gishiri da sankarar ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, a dukkan abin da ya ci tun daga karin kumallo har tuwon dare. Sai dai rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ya nuna cewa matsakaicin abin da mutum ke ci a duniya ya kai giram 10.8, fiye da ninki biyu ke nan. Ta kuma ƙiyasta cewa yawan sodiyam na da hannu a mutuwar mutum kusan miliyan 1.9 duk shekara.

A girkin gida, sodiyam na shiga ta ƙofofi da dama. Dunƙulen da ake kira magi, kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Idan aka jefa guda biyar masu nauyin giram 4 a miya, an zuba kimanin giram 10 ke nan, wato kason yini guda na manya biyu, tun kafin a kai hannu kwanon gishiri. Kanwar da ake sa wa wake don ya yi saurin nuna, ko miyar kuɓewa don ta yi yauƙi, ita ma tana ɗauke da sodiyam. Yajin tsire da na kilishi da gishiri da dunƙule ake daka su. Haka nan burodi, kifin gwangwani da ɗan ƙullin sinadarin da ke zuwa cikin taliyar leda.

Babban haɗarin shi ne hawan jini ba ya sallama. Mutum kan yi shekaru awonsa na kaiwa 140 bisa 90 ko sama da haka ba tare da ya ji ko ciwon kai ba, har ranar da zai yanke jiki ya faɗi. Daga nan ɗawainiyar ta koma kan iyali: kuɗin magani, jinya, wani lokaci har da wankin ƙoda da ke cinye abin da gida ya tara.

Akwai shaidar cewa ragewa na da amfani. A wani bincike da aka wallafa a 2021, an bi mutum kusan 21,000 a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin na kimanin shekara biyar. Waɗanda aka sauya wa gishirin da aka saba da wanda aka gauraya da fotasiyam sun samu raguwar shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin 100. Amma irin wannan gishiri na da haɗari ga masu ciwon ƙoda, don haka sai da shawarar likita.

Wasu gwamnatoci sun ɗauki matakin doka. Afirka ta Kudu ta ƙayyade yawan gishirin da kamfanoni za su sa a burodi da sauran abincin da suke sarrafawa, dokar da ta fara aiki a 2016. A Najeriya kuma, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da jagoran rage sodiyam na ƙasa a 2025.

Kafin irin waɗannan matakai su iso kicin, gyaran na hannun mai girki. Idan za a sa dunƙule, a rage gishiri ko a bar shi gaba ɗaya. A ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da masoro, domin suna ɗaga ɗanɗano. A jiƙa wake tun dare don a rage bukatar kanwa. Idan aka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, harshe kan saba cikin 'yan makonni. Mai duba rubutun jikin leda kuwa ya sani cewa miligiram 400 na sodiyam daidai yake da giram 1 na gishiri.

Ɗan gishirin da za a ci kuma ya kasance mai sinadarin aidin, wanda ke kare mutum daga maƙoƙo, yake kuma taimaka wa ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Sannan duk baligi ya riƙa zuwa awon jini a kai a kai, ko da yana jin lafiyarsa ƙalau.