Akwatin Lasifika Da Ɗakunan Kafinta Da Aka Garƙame A Makarantunmu

Sanin kowa ne cewa a Zariya babu taron da ake yi ba tare da lasifika ba, ko tafsirin watan Azumi ne, ko Mauludi, ko walimar saukar karatu, ko biki, ko gangamin 'yan siyasa. Bututun ƙarfe da ake kafawa a saman masallatai daga waje ake shigo da shi, irin na kamfanin Ahuja na Indiya ko TOA na Japan. To amma manyan baƙaƙen akwatunan nan da ake jerawa a filin taro, da yawansu a gida ake haɗa su. A Sabon Gari, garin da ya tashi sanadin layin dogo da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kafinta ne zai yanka katako ya buga akwati, mai gyaran rediyo ya ɗaura masa sifika da wayoyi, a lulluɓe shi da baƙin kafet, shi ke nan sai haya. Abin da nake so mu tattauna da mai karatu shi ne, me ya hana a riƙa koyar da wannan aiki a ɗakunan kafinta na makarantunmu na sakandare?

Wani zai ce ai akwati akwati ne, wanda ya iya buga kabad zai iya buga shi. Ba haka abin yake ba. Sifikar da muke amfani da ita, wadda Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka bayyana a 1925, faifai ne na takarda mai kauri da naɗin waya a jikinsa, zaune a tsakiyar maganaɗisu. Idan lantarki ya bi ta wayar, faifan ya riƙa gaba da baya yana tura iska. Matsalar ita ce, lokacin da gabansa ke tura iska, bayansa janyo ta yake yi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka zurfafan amo mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa tsawon zangonsa ya kusa mita 7, alhali faɗin faifan bai wuce inci 12 ko 15 ba. Sai iskar gaba ta zagaya baya, ta baya ta zagayo gaba, su kashe juna. Shi ya sa duk tsadar sifika, idan aka ajiye ta tsirara a kan tebur, ƙarar gwangwani za a ji. Aikin akwati shi ne ya raba waɗannan iskoki biyu. Kakanninmu ma sun san wani abu mai kama da haka, domin mai goge bai taɓa ɗaura tsirkiya a kan sanda kawai ba, sai ya nemo ƙwarya ya rufe ta da fatar guza.

Daga nan lissafi yake shigowa. Iskar da aka kulle a cikin akwati tana dannuwa tana dawowa, kuma yawanta ne ke yanke yadda amon zai fita. A 1954 Edgar Villchur ya gina akwati rufaffe ruf a kan wannan hikima. Akwai kuma mai kafa ko bututu a gaba, wanda ke aiki kamar yadda kwalba ke yin kuka idan yaro ya hura bakinta, kuma tsawon bututun da faɗinsa su ne ke zaɓar amon da zai ƙarfafa. A 1961 wani injiniya ɗan Ostireliya, Neville Thiele, ya fitar da ƙa'idojin lissafin, Richard Small na Jami'ar Sidni ya faɗaɗa su a farkon shekarun 1970, har yau da su masana'antu ke aiki.

Alal misali, a ba ɗalibi allon katako mai falle-falle, ƙafa 4 da ƙafa 8, kauri milimita 18, a ce ya fitar da akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 40, zurfi 30. Idan ya auna ta waje zai samu lita 72. Idan ya tuna da kaurin katakon ya auna ta ciki, lita 54 ce kacal, wato kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Yaron da ya gano wannan da tef a hannunsa ba zai sake mantawa da darasin girman ciki ba har ya tsufa. Allo ɗaya zai ba shi akwati biyu har da ragowa, in ya tsara yankansa kafin ya ɗauki zarto. Zai koyi cewa ƙusa kaɗai ba ta isa ba, sai da gam, domin 'yar kafa kamar ta allura tana sa akwati ya riƙa huci. Zai koyi sa tokari a ciki don kada bangon ya riƙa rawa, da shimfiɗa soso ko auduga. Zai kuma gane cewa sifika biyu masu om 8 idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun koma om 4, abin da ya ƙone amfilifaya da dama a tsakiyar biki. Ni dai ban san wani aikin hannu guda ɗaya da ya tattara kafinta da lissafi da kimiyyar sauti da lantarki kamar wannan ba, ga shi kuma kunne ne alƙalinsa, ba jan biron malami ba.

Abin takaicin shi ne, an taɓa yi mana alkawarin irin wannan ilimi. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ce ta haifi tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982, aka sa darasin gabatar da fasaha a ƙaramar sakandare, aka shigo da injina daga ƙasashen Gabashin Turai irin su Bulgeriya da Hangari. Da yawa daga cikinsu a cikin akwatunan da suka zo suka yi tsatsa, saboda babu ɗaki, babu wuta, babu malamin da ya san kansu. Na shiga irin waɗannan ɗakuna a makarantu fiye da ɗaya, na tarar an mayar da su ma'ajiyar karyayyun kujeru, yara kuwa suna zana hoton zarto a littafi suna haddace sunayen sassansa don jarrabawa. Shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 ya canza wa darasin suna, bai buɗe ƙofar ba. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja mai sana'o'i shida, ciki har da haɗa wutar sola da gyaran waya da ɗinki, amma na duba ban ga kafinta ba.

Na san za a ce kasuwa ta cika da lasifikokin roba 'yan Sin masu caji, waɗanda ake ja kamar akwatin matafiyi. Gaskiya ne, kuma ba na da'awar ɗalibi zai kayar da su a farashi. Amma na roba in ya fashe sai bola, na katako kuwa a sake masa sifika a ci gaba, kuma manufar makaranta ai ba ciniki ba ce. Wani kuma zai ce hayaniyar da ke hana mu barci ta ishe mu, kada a ƙaro mana masu ƙera ta. Ina tare da shi a kan kukan, sai dai yawancin abin da ke damun kunne ƙarar akwati ne marar kyau da aka murɗa har ƙarshe domin a ji magana.

Tsakanin Samaru da Sabon Gari kuɗin mota ɗaya ne ta Kwangila. A Samaru akwai Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da malaman kimiyya da injiniyoyin lantarki da suka san lissafin Thiele amma ba su taɓa riƙe zarto ba. A Sabon Gari akwai kafintocin da hannunsu ya faɗa, masu kwaikwayon girman akwati daga wanda suka gani, su yi ta gwaji har kunne ya gamsu. Abin da nake roƙon shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai da na tsofaffin ɗalibai shi ne su haɗa waɗannan mutane biyu a ɗaki ɗaya, ko da rana guda ce a mako na zango ɗaya. Ba a bukatar injin waje ko wutar lantarki wajen yanka da bugu: zarto da guduma da sukwaya da tef da gam sun wadatar. A raba aji rukuni-rukuni, kowanne da allo ɗaya da sifika iri ɗaya, a bar su su bambanta girman akwati da tsawon bututu. A ƙarshen zango a jera su a filin taron safe, a sa karatu ɗaya a kowanne, wanda ya fi fitar da murya garau ya zama na masallacin makaranta.