Aure da Muƙami a Gidan Sarautar da ke Ƙarƙashin Wani: Daura da Rasha

A wannan takarda muna son mu duba abin da aure yake ƙara wa ɗan sarki idan ikon naɗi ya koma hannun wani sarkin na waje. Za mu fara da Daura. A labarin Bayajida, baƙo ya shiga gidan sarauta ta hanyar auren Daurama. Ya haifi 'ya'ya biyu, Karɓagari ɗan ƙwarƙwara da Bawo ɗan sarauniya, kuma ga zuriyar Bawo aka jingina Hausa Bakwai. Ko da ba mu ɗauki labarin tarihi tsantsa ba, ya nuna mana yadda Daurawa suke auna daraja: uba ɗaya ne, matsayin uwa ya bambanta 'ya'yan.

Da jihadi ya iso a farkon ƙarni na 19, Malam Isiyaku ya kori Sarkin Gwari Abdu. Zuriyar tsohon gidan ta rabu, wasu a Zango, wasu a Ɓaure, daga baya kuma duka biyun suka shiga ƙarƙashin Damagaram. Watau jini yana ba mutum damar neman sarauta, amma yardar ubangida ita ke tabbatar masa da ita.

Sarakunan Rasha sun shiga irin wannan hali bayan da Mongol suka ci ƙasarsu tsakanin 1237 da 1240, don kuwa ba mai zama babban sarkin Vladimir sai da takardar naɗi daga Han, sarkin Mongol. A 1317 Yuri na Mosko ya auri Konchaka, 'yar'uwar Uzbek Han, ya karɓe muƙamin daga Mikha'il na Tver, wanda ya riga shi a layin gado. Mikha'il ya ci shi da yaƙi, ya kama matar, ta mutu a hannunsa, aka kashe shi a fadar Han a 1318. Amma surukutar ba ta yi wa Yuri ƙarko ba. An tuɓe shi a 1322, ɗan Mikha'il kuma ya kashe shi a 1325.

A ganinmu, aure a nan lamuni ne mai wa'adi, yana ƙarewa da mutuwar matar ko sauyin ra'ayin ubangida. Asalin uba ya fi shi jimiri. Da Turawa suka zo, Malam Musa na reshen Zango suka mayar kan gadon Daura, bayan kusan shekara ɗari da fitar gidan, ɗansa Abdurrahman kuma ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966.