Shata, Barmani Da Anti Bilki: Yadda 'Yan Funtuwa Suka Kalli Aure

 A wannan fitowa ina so mu leƙa Funtuwa, garin auduga. Mutum uku da ƙasar Hausa ta san su a nan suka zauna, kuma kowannensu ya taɓo maganar da ta fi damun mu a wannan mujalla, wato aure da zaman gidan miji. Sai dai in ka saurare su, ka rantse ba aure ɗaya suke nufi ba.

Kafin na shiga, a san cewa daga Funtuwa zuwa Bakori har Malumfashi, biki yana bin kaka ne. In an kai auduga ma'auna kuɗi sun shigo, sai ɗaurin aure ya ɓarke ko'ina, makaɗi kuwa inda kuɗi suke nan yake yada zango.

Alhaji Mamman Shata mutumin Musawa ne, amma a Funtuwa ya kafa gida, har ya shugabanci jam'iyyar SDP a ƙaramar hukumarta. Shata namiji ne mai magana a dandali, kalangai na tashi, maza sun kewaye shi suna liƙi. Da ya zo kan mata, sai ya yi kira gare su da su yi aure, domin shi ne mutuncinsu. Nasiha ce mai kyau, ban musa ba. Amma nasiha ce ta wanda ke tsaye a zaure. Abin da ke faruwa bayan an kai amarya an watse, bai cika shiga nan ba. Muryarsa kuwa ba ta sha wahalar isa ga jama'a ba: faifan garmaho, Rediyon Kaduna, sannan kaset, har ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura.

To, wannan cikin gidan da Shata bai shiga ba, nan ne ofishin Hajiya Sa'adatu Barmani Choge. Kiɗanta amada ne, ƙwarya ce kawai, wata a kife cikin ruwa, mata na bugawa mata na amshi. A tsakar gida ake yin sa ranar biki ko suna, inda namiji ba ya da wurin zama. Shi ya sa ta faɗi abin da mata ke faɗi in sun keɓe. Kishiya a bakin Barmani abokiyar karawa ce, a yi mata habaici, a yi dariya, a huce takaici. Ta yi wa macen da ta naɗe hannu tana jiran miji tas, ta ce a tashi a nemi sana'a, ko da ta cikin gida ce. Ta kuma yi maganar jikin mace da kwalliyarta ba kunya, abin da ya sa wasu maza suka ce batsa take yi. Ni dai a ganina, ba kalmomin ne suka ba su haushi ba. Kaset ne ya fitar da hirar ɗaki ya kai ta tasha da shagon mai shayi, maza suka ji yadda ake kwatanta su in ba sa nan. Wannan kam dole ya yi ciwo!

Kuma ku lura, a wancan zamani matar da ba ta fita ko ƙofar gida tana iya aiken yaro ya sayo mata kaset, ta sa a rikoda tana tuƙa tuwo. Ta haka Barmani ta shiga gidajen kulle da ba a taɓa gayyatar ta biki ba. Ta rasu a 2013, amma har yau in an saki kiɗanta a wajen kamu, tsofaffi ne ke fara miƙewa.

Sai Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda makaranta littattafai ke kira Anti Bilki. Ita alƙalami ta ɗauka. Daga Allura Cikin Ruwa na 1994 zuwa Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda Da Ni, jarumarta yarinya ce mai ilimin boko da na addini, mai tsafta da iya magana da miji. Inda Barmani ta ce a kara da kishiya, Anti Bilki ta nuna cewa ilimi da ladabi ne ke ƙwato wa mace matsayi, ko da an yi mata abokiyar zama. Wasu 'yan'uwa mata na cewa gidajen da take zanawa sun cika daɗi, motoci da gwala-gwalai, alhali matar manomi a ƙauyen Malumfashi ba ta ga ko ɗaya ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma 'yan mata nawa ne suka dage sai sun gama sakandare saboda sun ga jarumarta ta yi?

Hanyar da littattafan suka bi ma abin dubawa ce. Babu wani babban kamfani da ya tsaya wa marubutan soyayya na wancan zamani. Su ke haɗa kuɗinsu a buga, dillalan Kano su rarraba, littafi ya hau mota ya dawo Funtuwa inda aka rubuta shi. Wadda ba ta da kuɗin saye ta karɓi haya, wadda ba ta iya karatu ba ƙanwarta ta karanta mata da dare. Littafi ɗaya sai ya zaga gida biyar, bango ya yage, a ɗinke shi da zare a miƙa wa maƙwabciya.