SA'AD DA LITTAFI YA ZAMA MAJIGI

Waɗanda suka manyanta cikin masu karatunmu ba su manta da daren majigi ba. Da la'asar mota za ta shigo gari, a ɗaure farin ƙyalle tsakanin itatuwa biyu, yara su bi gida gida suna shela. Kafin a ta da inji kowa ya shimfiɗa tabarmarsa. A yau ba mai jiran mota, gama majigi ya shiga aljihu, yana cikin wayar kowane saurayi da budurwa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wata amsa da muka sha a gida. Mun miƙa wa 'yarmu wani littafi da mu ke ƙauna tun muna makaranta, sai ta juya shi, ta dubi kaurinsa, ta ce, "Baba, ai na riga na ga fim ɗinsa." Da fari mun so mu yi faɗa. Amma da muka zauna muka yi tunani, sai muka ga tambaya ce ta yi mana, ko da ya ke ba ta sani ba. Wanda ya ga fim, ya sami abin da ke cikin littafin ke nan? In bai samu duka ba, mene ne ya zube a hanya?

BEN-HUR NA TAKARDA DA NA ƘYALLE

Littafin da muka miƙa mata shi ne Ben-Hur. Wani Ba'amurke, Lew Wallace, wanda ya yi janar a yaƙin basasar ƙasarsu, shi ya rubuta shi, aka buga a 1880. Shi da kansa ya faɗa cewa sa'ad da ya soma aikin bai damu da addini ba, binciken da ya yi domin rubutun ne ya kai shi ga ba da gaskiya ga Almasihu. Labarin wani saurayi ne Bayahude, Yahuza ɗan gidan Hur, mai arziki a Urushalima. Wata rana gwamnan Romawa yana wucewa, sai wani tubali ya suɓuce daga soron gidansu ya faɗo masa. Abokinsa na ƙuruciya, Mesala Baroma, ya san tsautsayi ne, duk da haka ya bari aka kama su. Aka kai Yahuza tuƙin jirgin yaƙi cikin sarƙa, aka kulle uwarsa da ƙanwarsa a kurkuku har kuturta ta kama su.

Fim ɗin da yawancinmu muka sani shi ne na 1959, wanda William Wyler ya shirya, Charlton Heston ya fito a matsayin Yahuza. An ɗauki mafi yawansa a birnin Rum, tsawonsa sa'a uku da rabi, ya kuma ci lambobin Oscar 11. Ba za mu ɓoye ba, akwai wurin da ya fi littafin nesa ba kusa ba. Tseren karusai, wanda bai wuce kamar minti 9 ba, ya kan sa mutum ya manta da tuwon da ke gabansa. Wallace ya kwatanta tseren da kyau, amma ƙarar kofato da ƙura da dawakai huɗu huɗu a jere, wannan aikin ido ne da kunne. Takarda ba ta iya shi.

To, amma a cikin wannan tseren ne kuma aka yi babban canji. A littafi, Yahuza ne da kansa ya karkata karusarsa da gangan, bakin ƙarfen gindinta ya kama ƙafar karusar Mesala ya farfasa ta. Kafin ranar ma, ya sa an ja Mesala cikin cacar da za ta cinye dukiyarsa duka. Watau ramuwa ce ya shirya a natse, ya kuwa cika ta. Mesala bai mutu ba, ya zama gurgu kuma matsiyaci. A fim kuwa an juya abin. Mesala ne aka ba karusa mai wuƙaƙe a ƙafafu, shi ke bulalar Yahuza, muguntarsa ce ta kā da shi, ya mutu bayan tseren. Har tubalin nan ma, a littafi daga hannun Yahuza ya faɗi, a fim aka mai da shi hannun ƙanwarsa.

Kada mai karatu ya ce wannan ƙaramin abu ne. Masu fim sun wanke wa jarumin hannu domin 'yan kallo su tafa masa da zuciya ɗaya. Wallace kuwa so ya ke mu ga mutumin kirki da ƙiyayya ta ci shi, har ya iya aikata mugunta yana ganin daidai ya yi. Irin wannan mutum ne ke bukatar gafara, ba wanda aka zalunta kaɗai ba. Akwai kuma wani sashi da aka yar gaba ɗaya. A littafi Yahuza ya tara mayaƙa a Galili, ya koya musu yaƙi a ɓoye, yana jiran ranar da Yesu Banazare zai ce a tashi a kori Romawa. Shafi bayan shafi muna cikin zuciyarsa yana kokawa da wannan tambaya: wane irin sarki ne wannan da ba ya neman takobi? Na'urar ɗaukar hoto tana iya nuna fuskar mutum yana tunani, amma ba ta iya nuna tunanin. Saboda haka aka bar shi.

Tilas ne kuwa a bar wani abu. Littafin ya kai shafi 500 da ɗoriya. In da za a karanta shi da ƙarfi, sai a kwana a wuni ana yi. Sashinsa na fari galibinsa labarin masanan taurari ne guda uku da suka gamu a hamada, fim ya gama da su cikin 'yan mintoci. An ɗauke tseren daga Antakiya an kai shi Urushalima domin a rage yawo. Wannan ba laifi ba ne, wanda zai zuba randa cikin tulu dole ya zaɓi abin da zai bari. Abin dubawa shi ne me ya zaɓa.

MAGANAR FUSKA

Abu guda da masu Ben-Hur suka yi ya burge mu ƙwarai. Daga farko har ƙarshe ba su nuna fuskar Yesu ba. A rijiyar Nazarat, inda ya ba Yahuza ruwa, bayansa kawai mu ke gani da hannunsa, sai kuma fuskar sojan Roma da ya zo hana shi, ya dube shi, ya ja da baya. Wannan ladabi daga Wallace ya samo asali. Sa'ad da aka nemi izninsa a mai da littafin wasan dandali a 1899, sai da aka yarda cewa ba mutumin da zai fito a matsayin Almasihu, haske kawai za a nuna.

Fim ɗin Yesu na 1979 ya bi wata hanya dabam. An ɗauko shi daga Bisharar Luka, aka ɗauke shi a ƙasar Isra'ila, wani Bature ɗan Ingila, Brian Deacon, ya fito a matsayin Ubangiji. An juya shi cikin harsuna fiye da 2,000, har da Hausa, da yawa cikinmu kuwa a filin ikilisiya muka gan shi, janareta yana ruri a gefe. Tsofaffin da ba su taɓa riƙe littafi ba sun ji maganar Luka da harshensu, ba wanda zai rena wannan. Sai dai Luka bai faɗa mana tsawon Yesu ba, ko launin fatarsa, ko irin gashinsa. Fim ba shi da ikon yin shiru a nan, dole ya sa wani mutum ya tsaya. Ku tambayi yaran Lahadi su kwatanta muku Yesu, za ku ji suna kwatanta ɗan wasan nan. Ya kamata iyaye su riƙa faɗa musu cewa wannan mutum aikinsa ya yi, aka biya shi, ya koma gida.

NAMU NA GIDA

Mu ma Hausawa muna da namu. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da kuma Shaihu Umar na wani malamin makaranta daga Bauci, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Ɗan siririn littafi ne, mai saurin karatu zai gama shi a zama ɗaya. Wani babban malami ne almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labarin yadda hassadar fadawa ta sa aka kori mijin uwarsa, yadda aka sace shi yana yaro, har ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilimi. Uwarsa kuwa ta fita nemansa, ita ma ta faɗa cikin bauta. Sun sadu a Tarabulus bayan shekaru masu yawa, ba ta daɗe ba ta rasu.

Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗinsa da Hausa, tsawonsa ya haura sa'a biyu. A nan wahalar ta juya. Masu Ben-Hur ragewa suka yi, Adamu Halilu kuwa sai da ya cika. Tafawa Ɓalewa ya kan wuce tafiyar watanni cikin layi biyu ko uku, bai tsaya kwatanta riguna ko raƙuma ko fadar sarki ba, domin masu karatunsa na fari sun san su, waɗansunsu ma iyayensu sun ga zamanin bauta da idonsu. Jikokinsu ba su sani ba. A gare su fim ya yi abin da littafin bai yi ba, ya nuna musu yadda ayari ya ke, da yadda a ke tafiya da mutum a ɗaure.

Amma akwai abin da ya ke na littafin shi kaɗai, watau muryar Shaihu. Yana ba da labarin sata da bauta da mutuwar uwa a natse, ba kuka ba zagi, kamar mai ba da labarin wani. Wannan natsuwa ita ke sa gaban mai karatu ya faɗi. Fim ya riƙe zaman malam da almajiransa a farko, amma da zarar labari ya kankama sai hoto ya karɓi aikin, muryar ta ja baya.

Wani abin mamaki kuma, fim ɗin ɓacewa ya yi. Shekaru da yawa ana tsammani ya salwanta, sai a 2016 aka tarar da faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Aka gyara shi da taimakon wata cibiya a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin Balin a 2018. Cikin dukan shekarun nan da fim ya ke kwance cikin gwangwani, littafin yana yawo a jakar 'yan makaranta, ana sayar da shi a bakin kasuwa, wani ya ara wa wani.

Game da 'yarmu kuwa, ba mu tilasta mata shafi 500 ba. Mun buɗe mata wurin tseren kaɗai, muka ce ta karanta ta faɗa mana wanda ya fasa ƙafar karusar. Da ta gama sai ta zo da fushi, wai an cuce ta a fim. Yanzu ta koma farkon littafin, tana wurin masanan taurari, tana ƙorafi cewa Wallace ya cika surutu a kan raƙumi. A wannan kam mun yarda da ita.